Neman shawara: yadda shagon dukancinmu zai tallafa wa 'yan mazan jiya

Ɗan Baduku ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da yayye da malamai da ke wannan zaure, tare da neman shawararku a kan wata magana da ta raba ra'ayin mutanen gidanmu.

Mu dukawa ne gaba da baya, kuma muna da ƙaramin shago a Shiyar Madunka cikin birnin Sakkwato, inda muke ɗinka takalma da jakunkuna da tumtum da kube, mafi yawa da fatar jan akuya wadda aka san ƙasar nan da ita. Mahaifinmu ya manyanta ya bar aikin a hannun yayana da ni, mahaifiyarmu kuma ita ke riƙe da kuɗin gida. Jarinmu ba shi da yawa, abin da muka samu gab da sallah shi ke riƙe mu a watannin da kasuwa ta yi sanyi.

Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, soja ne. Yana cikin dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka tura Laberiya a 1990, ya dawo da raunin harsashi wanda ya sa ƙafarsa ta hagu ta gajarce, daga baya aka sallame shi daga aiki. Mahaifinmu ne ya riƙa ɗinka masa takalmi mai tudu a ƙasa don tafiyarsa ta daidaita, shi kuma ya zauna tare da mu yana yanka fata har Allah ya karɓi abinsa bara. A wurin ta'aziyya muka ga abokan aikinsa na da sun zo, wani da sanda, wani da ƙafar roba, wasu kuma suturar jikinsu kaɗai ta isa ta gaya maka halin da suke ciki. Abin ya tsaya mana a rai, muka yi niyyar shagon nan ya riƙa yin wani abu saboda su, ladan kuma Allah ya kai kabarinsa.

Yayana yana ganin mu ware biyar cikin ɗari na ribar shekara, mu tara tsofaffin sojoji a ƙofar shago ranar 15 ga Janairu, wato ranar tunawa da 'yan mazan jiya, mu raba musu shinkafa da shadda, mu ɗauki hotuna mu sa a Facebook don wasu 'yan kasuwa su yi koyi. Ni ina ganin mu riƙa yi musu ragi a duk abin da suka saya, mu kuma rataya hotunansu a bango da kakinsu don girmamawa. Mahaifiyarmu ta ce duk wannan biki ne, a ɗauki mutum biyu a koya musu aiki kamar yadda aka yi wa baffa. Wace hanya ce za ta amfane su, ta kiyaye mutuncinsu, ba tare da ta karya shagon da muke ci da shi ba? Ina so musamman in ji daga waɗanda suka saka kaki da iyalansu.

Saje Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa raunin da ya ɗauka ya zame masa kaffara. Ni ma na je Laberiya, na je Saliyo, kuma kafin in ajiye kaki sai da na yi aiki a Arewa maso Gabas, saboda haka maganarka ta shafe ni kai tsaye. Tun da farko ina gaya maka cewa ina bayan mahaifiyarku, amma bari in ba ka dalili.

Ranar 15 ga Janairu rana ce mai nauyi a wurinmu, domin a ranar ce aka kawo ƙarshen Yaƙin Basasa a 1970, bayan wata talatin ana zubar da jini. Kafin nan ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin tare da Ingila da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, don tunawa da tsayar da Yaƙin Duniya na Farko a 1918. Duk shekara ana sayar da tambarin tunawa, a yi addu'o'i a masallatai da coci-coci, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Ba na raina wannan ko kaɗan. Abin da nake so ka sani shi ne, a wannan makon kowa yana tunawa da mu, gwamnati da 'yan siyasa da ƙungiyoyi, amma daga Fabrairu har Disamba tsohon soja shi kaɗai yake da ciwon gwiwarsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Idan ƙarfinku kaɗan ne, ku kai shi watannin da babu kowa.

Kuma 'yan mazan jiya ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka yi Yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Na Yaƙin Basasa sun haura saba'in, su magani da abinci da ziyara suke bukata, ba koyon sana'a ba. Akwai irinmu da muka cika shekara 35 muka fita da fansho, wanda Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja take biya, kuma duk da kun sha ji a labarai cewa tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi kan bashin haƙƙoƙinsu, mu dai muna da abin da ke shigowa a ƙarshen wata. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne samarin da aka sallama saboda rauni, mai shekara talatin da wani abu, nakiya ta cire masa ƙafa ko harsashi ya lalata masa kafaɗa, ga mata ga ƙananan yara, ga sauran rayuwa mai tsawo a gabansa. Irin wannan yaron zaman banza ke cinye shi. Mutumin da ya saba tashi da asuba a faretin safe, ya san matsayinsa, ya san aikinsa, ya san ana dogara da shi, sai ya wayi gari babu mai nemansa. Da yawa ba sa barci da dare, ƙarar tayar mota in ta fashe takan firgita su, kuma ba za su faɗa wa kowa ba saboda an horar da mu a kan shanye abu. Aikin hannu da ake yi a zaune, cikin mutane, da lokacin zuwa da na tashi, yana yi musu maganin da buhun shinkafa ba zai yi ba.

Akwai cibiyar sojoji a Oshodi ta Legas wadda ke koya wa masu shirin ritaya sana'o'i na 'yan watanni. Tana da amfani, sai dai mutum yakan dawo gida da takardar shaida ba shi da ubangida, ba shi da masu saye, bai san inda ake samun kaya da sauƙi ba. Wannan ne abin da shago irin naku yake da shi.

Hanyar samun mutanen ba ta da wuya. Ku je ofishin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya na jiha, ƙungiyar da aka kafa da doka tun 1964, ku ce a haɗa ku da waɗanda aka sallama saboda rauni kuma suke zaune cikin gari. Ku nemi ganin takardar sallama da katin shaida, domin akwai masu sojan gona da ba su taɓa taka Defot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ba, kuma soja na gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi takardarsa.

Maganar hotuna kuwa, don Allah ku janye ta gaba ɗaya. Kun san halin da ake ciki a Sabon Birni da Isa da Rabah da Tangaza, kun kuma san 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto. Mutumin da ya yi aiki a daji, ko ɗansa yake aiki yanzu a ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a nan Sakkwato, bai kamata fuskarsa da wurin zamansa su yawata a intanet ba. Ban da haka, babu namijin da ya riƙe bindiga don ƙasarsa da zai ji daɗin a ɗauke shi hoto yana miƙa hannu yana karɓar mudun shinkafa. Hoton baffanku naku ne, ku rataya shi a shago, duk wanda ya tambaya ku ba shi labarinsa.

Uwar Marayu ta amsa:

Sannunku da wannan niyya, ƙanena, Allah ya saka wa iyayenku da alheri. Baba Saje ya yi bayanin maza, ni kuma zan yi na matan da aka bari.

Maigidana kofur ne, ya rasu a bakin aiki a jihar Borno lokacin da motarsu ta taka nakiya, ya bar ni da yara huɗu. Bayan na gama takaba ta wata huɗu da kwana goma, sai ga maganar barin gidan bariki, domin gidan na aiki ne, wani sojan yana jira. Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi gajiyar da ni: takardar shaidar rasuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da hotuna, da zuwa wannan ofishi a ce a koma wancan. Akwai haƙƙoƙin mamaci, akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki, amma kafin su zo hannu sai an yi haƙuri, kuma cikin yara ba ya jiran takarda. Wata matsalar da mata da yawa suke faɗawa ita ce, miji ya rubuta sunan ɗan'uwansa a takardun aiki tun yana saurayi a matsayin wanda zai karɓi haƙƙinsa, bai canza ba har ya rasu, sai ɗan'uwan ya ɗauka kuɗin nasa ne, alhali gado ne da shari'a ta faɗi yadda za a raba.

Abin da ya riƙe ni a wannan tsakanin keken ɗinki ne. Shi ya sa nake roƙonku, idan za ku ɗauki maza biyu a shago, ku ware aikin da mace za ta iya yi a cikin gidanta. A sana'arku akwai ɗinkin ado a fuskar tumtum, da yanka geza, da tufkar igiyar jaka, da saka shafi a ciki, kuma duk waɗannan mata sun daɗe suna yin su a Sakkwato. Ku ba da aiki a ƙidaye, ku faɗi kuɗin kowane guda tun kafin a fara, ku biya ranar da aka kawo, kada a ce sai an sayar. Idan aikin bai yi kyau ba ku mayar a gyara, kada ku karɓa don tausayi, domin mace tana gane lokacin da ake biyan ta don aikinta da lokacin da ake ba ta sadaka a fakaice, kuma na farkon ne ke sa ta ɗaga kai a cikin dangi.

Game da girmamawa, abin da ya fi daɗaɗa mini rai bai taɓa zama kaya ba. Abokan aikin maigidana da suka riƙa zuwa gaishe mu da sallah, suna zaunar da babban ɗana suna ba shi labarin jarumtar ubansa da yadda yake raba abincinsa da ƙananan sojoji, su ne suka sa yaron ya daina jin kunya in an tambaye shi ina babansa. Ku ma za ku iya yin haka ga iyalan abokan baffanku, ku je suna, ku je ɗaurin aure, ku je dubiya.

Mai Lissafi ya amsa:

Malam Ɗan Baduku, aikina duba littattafan kuɗi na ƙananan 'yan kasuwa ne, don haka zan tsaya a kan rabin tambayarka na biyu, wato kada shagon ya karye.

Biyar cikin ɗari na ribar shekara magana ce mai daɗin ji, amma shagon da kuɗin cefane da na kasuwa suke fita daga aljihu ɗaya ba ya iya sanin ribarsa ta gaskiya, kuma a ƙarshen shekara za ku tarar kowa yana da nasa lissafin, daga nan rigima ta shiga tsakanin wa da ƙane. Ya fi sauƙi ku yanke wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane takalmi da kowace jaka da aka sayar, a cire shi a ranar, a rubuta a littafi na daban, a ajiye a asusu na daban wanda mahaifiyarku za ta riƙe. Ta haka lokacin sallah asusun zai cika, lokacin da kasuwa ta yi sanyi kuma ba zai ci jarinku ba.

Ragi ga kowane tsohon soja ban ba ku shawararsa ba. Wanda ya fi bukata ba shi ne mai sayen jakar fata ba, saboda haka ragin zai tafi ga masu hali, ku kuma ku rasa riba. Gyaran takalmi kyauta ya fi shi ma'ana, domin kuɗinsa zare ne da gam da ɗan lokaci. Takalmin masu rauni irin wanda mahaifinku ya yi wa baffa shi ne abin da kuka fi kowa iyawa, amma a nan ku yi hattara. Tsawon tudun da za a ƙara wa gajeriyar ƙafa likitan ƙashi ne ya kamata ya auna, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ku kuma ku ɗinka bisa awon da aka rubuta. Mai ƙafar roba ma an daidaita ƙafar ne da wani tsawon dunduniya, idan aka canza shi tafiya takan karkace har ta jawo ciwon baya.

Ɗan koyo kuma yana da tsada kafin ya fara kawo riba: zai ɓata fata, zai ci abincin rana, zai bukaci kuɗin mota. Ku fara shi da ragowar fata da gyare-gyare, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu wadda ta faɗi tsawon koyo da abin da za a riƙa ba shi da kayan aikin da za a yaye shi da su. Abu na ƙarshe, kada ku buga tambarin soja ko ku yi amfani da yadin kakinsu a kayanku don jawo masu saye, doka ta hana farar hula yin haka, kuma zai sa a ce kuna kasuwanci da sunan mamata.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Allah ya yi muku albarka. Sadakar da aka yi wa mamaci tana isa gare shi da yardar Allah, don haka niyyarku a kan hanya take. Sai dai ku raba wannan asusu da zakkar kasuwancinku. Zakka ɗaya ce cikin arba'in idan dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara, kuma masu cin ta takwas ne kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Tsohon soja yana shiga ciki ne idan fakiri ne ko miskini ko bashi ya yi masa katutu, kuma ba ya halatta a biya ladan aikin ɗan koyo da kuɗin zakka, domin lada haƙƙinsa ne da ya yi wa gumi. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take, har ga tsofaffin sojojin da ba Musulmi ba, waɗanda aiki ya kawo su Sakkwato suka zauna suka zama maƙwabtanmu. Mutumin da ya kwana a daji yana gadin ƙauyenmu bai tambayi addinin masu barci a ciki ba.

Ina so kuma in ƙara wani abu na tarihi da ke bayyana shirun da tsofaffin sojojinmu suke yi. Sunan Giginya da bariki da filin wasa suke ɗauke da shi yana tuna mana wurin da Sarkin Musulmi Attahiru ya gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903, kuma yawancin waɗanda suka riƙe wa Turawan bindiga a ranar baƙaƙen fata ne. Saboda haka kakanninmu suka daɗe suna ƙyamar aikin soja, gidan mutunci ba ya son a ce ɗansa ya shiga. Zamani ya juya, har ga shi Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, Birgediya Janar ne mai ritaya da ya yi aiki da ECOMOG a Saliyo. Duk da haka ragowar wancan kallon bai gama fita daga zukatan wasu ba. Idan masu saye suka saba ganin tsohon soja zaune a shagon dukawa na asali, ana kiransa Baba, ana neman shawararsa, hakan zai gyara tunanin yaran shiyar fiye da wa'azin da zan yi musu. Ku dai kiyayi gori, domin Alƙur'ani ya gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Ɗan Baduku ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na karanta wa mutanen gida amsoshinku, yayana ya haƙura da taron da hotunan bayan ya ji bayanin Baba Saje a kan tsaro. Mun tsayar da cewa za a riƙa cire kuɗin a kan kowane kaya kamar yadda Mai Lissafi ya ce, za mu nemi mutum biyu ta hannun ƙungiyarsu, kuma aikin ado na tumtum zai koma hannun matan da aka bari. Ranar 15 ga Janairu za mu yi saukar Alƙur'ani a gida, mu kai wa tsofaffin abokan baffa abinci har gidajensu. Abin da ya rage mini shi ne yadda za mu tunkari mutanen da maganar ba tare da sun ji an raina su ba, musamman matan, tun da mu samari ne. Hajiya Uwar Marayu, ki taimaka mana a nan.

Uwar Marayu ta sake amsawa:

Mazan dai ku bar wa mahaifinku, ko da ba ya aiki yanzu, shi zai kira su a matsayin ɗan'uwan abokinsu ya ce shago yana neman hannu, kuma gaskiya ce ya faɗa. Matan kuma kada ɗayanku ya je ƙofar gidansu. Mahaifiyarku ko wata yayarku ta je da rana, ta yi gaisuwa, ta tafi da samfurin aikin a hannu ta tambaya ko akwai mai iyawa ko mai son koyo. Wadda take cikin takaba a jira ta fita tukuna, a kuma sanar da wanda take zaune a hannunsa, uba ne ko wan miji, don kada magana ta taso daga baya. Kai kaya da karɓowa ma mace ce za ta riƙa yi, kuɗin kuma a damƙa wa mai aikin a hannunta ko a tura asusunta na banki, kada a ba wani ya kai mata.